WA AKE KAI WA KUKA? NAZARI A KAN SALON NEMAN HAƘƘIN TALAKA A ƘASAR ZAMFARA

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta ɗauko wasu daga cikin maganganu da rubuce-rubucen da aka yi domin nema wa talaka haƙƙinsa, ta auna su da ma'aunin da muka saba auna waƙa ko wasan kwaikwayo da shi, watau wa ke magana, da wa yake yi, da wane harshe, kuma me yake so a aikata. Na san wani zai ce rahoton ƙungiya ko takardar ɗaukaka ƙara ba adabi ba ne, saboda haka ba huruminmu ba ne. To, amma duk maganar da aka tsara domin ta motsa zuciyar mai iko tana da salo, kuma salon nan yana iya kai ta gaci ko ya kayar da ita. In kuwa haka ne, ashe malamin Hausa yana da ta cewa.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan batu bai wuce ɗalibaina ba. Da yawansu 'yan Ƙauran Namoda ne da Shinkafi da Zurmi, akwai kuma na Katuru da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Wata rana muna darasin fassara sai ɗaya daga cikinsu ya ce mini, "Malam, duk wannan rubutu da ake yi a kan kashe mu, wa ke karanta shi?" Ban ba shi amsa mai gamsarwa ba a ranar, abin da ke biye shi ne ƙoƙarina na biyu.

Haƙƙi da 'Yanci

Kafin a shiga misalai ya kyautu a tsaya kan kalma. Masu fassara sun saba musanya "'yancin ɗan Adam" da "haƙƙin ɗan Adam" kamar abu guda ne, alhali a kunnen Bahaushe sun sha bamban. 'Yanci daga "ɗa" ya fito, kishiyar bawa, saboda haka yana nuna matsayin mutum ne a cikin jama'a. Haƙƙi kuwa bashi ne. Yana da mai shi, yana da wanda ya ci shi, kuma an yi imani da cewa ba ya faɗuwa ƙasa banza, shi ya sa ake cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yakan bi. Mutumin ƙauye wanda bai taɓa jin labarin sanarwar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ran 10 ga Disamba 1948 ba, ya san ma'anar a ce "ka ci haƙƙina", kuma ya san basarake ko alƙali yakan ji nauyin wannan kalma a ransa ko da bai nuna ba. A ganina mai neman haƙƙin jama'a da ya bar wannan kalma mai kaifi ya kama 'yanci ya yar da makaminsa tun kafin a fara.

Magabata sun san wannan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi shekaru yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, da ya zo lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa a cikin Kitabul Farƙi, bai tsaya ga la'antar zalunci a dunƙule ba. Da Larabci ya rubuta littafin, amma ya ambaci abubuwan da sunayen da talaka ya san su da su, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa. Haka nan jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ta bi wannan sawu. Mawaƙanta irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin, da masu lacca irin su Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba, sun yi magana a kan haraji da aikin tilas a gonar sarki da ɗaurin alƙali ba bisa ƙa'ida ba, abubuwan da kowa ya taɓa da hannunsa. An sha ɗauri, an sha bulala, kuma sakamakon bai zo da wuri ba: sai a 1979 gwamnonin PRP, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Kusan shekara 30 ke nan ana maimaita buƙata guda.

Darasin Bakori

Misalin da ya fi kowane koyar da mu salo, a ganina, shi ne shari'ar Amina Lawal, domin a nan ne aka ga salo biyu sun yi gaba da gaba a kan magana ɗaya. Kotun shari'ar Musulunci ta Bakori a Jihar Katsina ta yanke mata hukuncin jefewa a watan Maris 2002, babbar kotun Funtuwa ta tabbatar da shi a watan Agusta na wannan shekara, kana Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Katsina ta rushe hukuncin ran 25 ga Satumba 2003, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya.

Salo na farko shi ne na wasiƙun ƙasashen waje. Mutane masu ɗimbin yawa a Turai da Amurka suka sa hannu a takardun koke, aka yi ta aiko su ta intanet. Niyyarsu mai kyau ce, ban yi shakka ba. Amma in aka auna wasiƙun da ma'auninmu sai a ga rauni ta kowace fuska. Mai maganar baƙo ne, wanda ake yi da shi shugaban ƙasa ne wanda ba shi da ikon taɓa hukuncin kotun jiha, harshen kuwa na tir da Allah wadai ne, wanda ya haɗa shari'ar da masu binta ya yi musu kuɗin goro. Daɗin daɗawa wasu daga cikin wasiƙun sun ƙunshi kuskure muraran, har da cewa Kotun Ƙoli ta riga ta tabbatar da hukuncin an kuma sa ranar jifa, alhali maganar ba ta ko bar Katsina ba. Abin ya kai ga ƙungiyar BAOBAB, wadda ke cikin masu tallafa wa Amina, ta fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Mayu 2003, da sa hannun Ayesha Imam da Sindi Medar-Gould, tana roƙon a dakatar da wannan yaƙin wasiƙu. Hujjarta ita ce labarin ƙarya yana zubar da mutuncin masu aikin a gida, kuma matsin lamba daga waje yana iya tunzura mai iko ya gaggauta hukunci don ya nuna ba ya tsoron kowa. Ta kafa misali da abin da ya faru a nan Zamfara, inda aka yi wa wata yarinya bulala 100 a Tsafe a watan Janairu 2001 tun lauyoyinta na shirin ɗaukaka ƙara, bayan an cika gidan gwamnati da wasiƙun ƙasashen waje.

Salo na biyu shi ne na lauyoyin, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim da abokan aikinsu, tare da ƙungiyar WRAPA. Su ba su tsaya jayayya da shari'a ba, cikinta suka shiga. Suka kafa hujja da cewa mai iƙrari yana da damar janye iƙrarinsa, da cewa alƙali ɗaya ne ya zauna a Bakori alhali dokar jihar ta ce ya zauna da mutum biyu, da kuma mas'alar kwanciyar ciki a mazhabar Malikiyya, wadda ta yarda cikin sakakkiyar mace yana iya zama na tsohon mijinta har zuwa wasu shekaru bayan rabuwa. Watau sun ba alƙalan hanyar da za su saki matar ba tare da sun ji sun saɓa wa littafinsu ba. Irin wannan hanya ce ta kuɓutar da Safiya Husaini a Sakkwato ran 25 ga Maris 2002, inda ɗaya daga cikin hujjojin shi ne doka ba ta hawa kan laifin da ake zargin an yi kafin a kafa ta.

Kada a ɗauka ina nufin idon duniya bai yi amfani ba ko kaɗan. Kuɗin ɗaukar lauya da na zirga-zirga sai da aka nemo su, kuma alƙalin da ya san ana kallonsa yakan ƙara natsuwa. Sai dai abin da aka rubuta a takardar hukunci hujjar Malikiyya ce, ita ce kuma alƙalin gobe zai iya jingina da ita.

Bagega

Misali na biyu ya nuna cewa surutu ma yana da ranarsa. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ce ke kashe yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda yara wajen 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, aka bar Bagega, ga shi kuwa likitoci sun ce ba amfani a yi wa yaro magani a mai da shi cikin gubar. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin Naira miliyan 850 a watan Mayu 2012, aka yi wata da watanni kuɗi bai fito ba. Sai Hamzat Lawal da abokansa na Follow The Money, tare da Human Rights Watch, suka tayar da yekuwa a Twitter da Facebook, Sanata Bukola Saraki ya je garin da kansa, kuma a ƙarshen Janairu 2013 Shugaba Jonathan ya amince a saki kuɗin.

Me ya bambanta wannan da wasiƙun Bakori, tun da duka surutu ne? Buƙatar guda ɗaya ce, tana da adadi, an riga an yi alkawarinta, kuma an san mutumin da sa hannunsa zai biya ta. Ba a ce masa ya bar addininsa ko ya amsa laifi ba. An sauƙaƙa masa cewa "to", aka kuma tsananta masa kunyar yin shiru.

Zurmi da Shinkafi

Yanzu sai mu zo gida, inda duk abin da na faɗa a baya yake neman ya gagara. A ƙarshen Yuli 2018 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da bayani cewa an kashe aƙalla mutum 371 a Zamfara a wannan shekara, ta kuma ambaci harin da aka kai wa ƙauyuka 18 a gundumomin Mashema da Kwashabawa da Birane na ƙaramar hukumar Zurmi ran 27 ga Yuli, inda aƙalla mutum 42 suka mutu. In za a yi adalci, wannan bayani ya yi abin da Kitabul Farƙi ya yi: ya ambaci wuri da rana da adadi, kuma ya ɗauko muryar mutanen da abin ya faɗa wa, waɗanda suka ce sukan sanar da jami'an tsaro kafin hari amma ba a zuwa. Wannan ita ce jimla mafi nauyi a cikin bayanin, domin ita ce ta mai da maganar daga masifa zuwa haƙƙi, ta nuna akwai wanda aka gaya wa bai zo ba. Rauninsa yana wajen buƙata. Da aka zo faɗin abin da ake so, sai aka koma ga kiran hukumomi su kare rayuka su hukunta masu laifi, maganar da ba gwamnan da zai musa, ba kuma ranar da za a ce ya saɓa ta.

Haka zanga-zangar da 'yar jarida Kadaria Ahmed da wasu suka yi a Abuja ran 6 ga Afrilu 2019. Ta yi tasiri ƙwarai wajen sa ƙasa ta waiwayo Zamfara, kuma masu maganar 'yan gida ne, ba mai ce musu baƙi. Washegari gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar hana haƙar ma'adinai a jihar. Manomin Katuru da aka kore daga gonarsa bai roƙi wannan ba, kuma bai mai da shi gonar ba. In mai kuka bai faɗi abin da yake so ba dalla-dalla, mai iko ne zai zaɓa masa amsa, kuma zai zaɓi wadda ta fi masa sauƙi.

A nan dole in yi wa masu wannan aiki uzuri, domin matsalar ta fi ƙarfin salo kaɗai. A Bakori akwai kotu da littafi, a Bagega akwai alkawari da mai sa hannu. A dajin da ke tsakanin Zurmi da Shinkafi wanda ya ci haƙƙin ba ya zuwa kotu, ba ya neman ƙuri'a. Gwamnati kuwa, wadda sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban aikinta, sashe na 6 ya hana a kai ta ƙara a kan wannan babi. Abin da ya rage shi ne babi na huɗu, inda sashe na 33 ya tabbatar da haƙƙin rayuwa, da Yarjejeniyar Afirka ta 1981 wadda Nijeriya ta mai da ita dokar ƙasa a 1983. Ƙofa ce ƙarama, amma maƙwabtanmu sun taɓa bi ta irinta. A ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ECOWAS ta ci gwamnatin Nijar tarar Sefa miliyan 10 a ƙarar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya a yankin Birnin Ƙonni. Ba gwamnati ce ta saye ta ba, laifinta shi ne hukumominta sun sani ba su kare ta ba. Hujjar "an gaya muku ba ku zo ba" ke nan, sai dai tana bukatar shaida: wa aka gaya wa, yaushe, ta wace hanya.

Tara irin wannan shaida kuwa yana da haɗari. Wanda ya yi magana a rediyo da safe, a ƙauyen zai kwana da dare. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanya. Ko me wannan ya yi musu, ya toshe bakin wanda aka zalunta, har sai mutum ya yi tafiya zuwa wata jiha kafin ya sanar da ɗan'uwansa rasuwa. A 2022 kuma, da Trust TV da BBC suka nuna finafinan bincike a kan rikicin, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV tarar Naira miliyan 5, ta ci waɗanda suka watsa na BBC irin wannan tara.

Akwai wani abin kunya da ya shafe mu mu malaman harshe kai tsaye. A watan Disamba 2021 jaridu suka buga wata wasiƙa da aka danganta ga Bello Turji, zuwa ga Sarkin Shinkafi da gwamna da shugaban ƙasa. Da Hausa aka rubuta ta, ta ambaci waɗanda take magana da su, ta jera sharuɗɗanta, cikinsu har da rushe 'yan sa-kai. Ba yabonta nake yi ba, Allah ya kiyaye, hannun da ake danganta ta gare shi yana da jinin bayin Allah. Abin da nake nunawa shi ne, mai bindiga ya san wa yake magana da shi da abin da yake so, mu kuwa masu neman haƙƙi muna taro a otal da Turanci. Na taɓa halartar irin wannan taro na kwana biyu a kan rikicin yankinmu, ba a yi jimla goma da Hausa ba sai wajen addu'ar buɗewa da ta rufewa, kuma ba manomi ko makiyayi ko ɗaya a zauren.

Ambaton makiyayi ya kawo ni ga gibin da na fi gani a maganganunmu na gida. Haƙƙi ba shi da ƙabila. Bafulatanin da 'yan sa-kai suka kashe a kasuwa ba tare da shari'a ba, sashe na 33 ya rufe shi kamar yadda ya rufe manomin da aka harbe a gona. Mai neman haƙƙi da ya ƙirga gawa ɗaya ya tsallake ɗaya ya zama ɗan ɓangare, kuma ya bar wa mai bindiga hujjar da yake ɗaukar yara da ita. Na san faɗin wannan a Shinkafi ko Zurmi ba shi da daɗi, ni ma na rasa dangi. To, amma lauyoyin Katsina ba su ci nasara ba sai da suka yi magana da ma'aunin da kowa a zauren ya yarda da shi, mu ma ba mu da wani ma'auni da ya wuce cewa jinin wanda bai yi laifi ba haramun ne, ko na wane ne.

Sa'an nan ga maganar haraji ta dawo. Abin da NEPU ta yi shekaru tana yaƙa, yau 'yan bindiga ke aza wa ƙauyuka kafin a yi shuka da kuma kafin a yi girbi, mutane kuma da sunan haraji suke kiransa. Ga buƙata mai suna da adadi, irin wadda Shehu da Malam Aminu za su kama: gari kaza ya biya kaza a wata kaza, ga hakimin da aka sanar, ga ofishin 'yan sanda mafi kusa. Dagatai da limamai sun san waɗannan alƙaluma, domin a gabansu ake tara kuɗin. Sassanmu na Hausa a kwalejoji, da muke tura ɗalibai ƙauye su tattaro tatsuniya da waƙar daka, suna da ƙwarewar ɗaukar irin wannan bayani da ɓoye sunan mai ba da shi, in hukumomin kwalejojin za su yarda su tsaya a bayan ɗalibin.

Na gwada wani abu ƙarami a aji. Na ce kowane ɗalibi ya rubuta takardar koke da Hausa a kan halin da garinsu ke ciki. Kusan dukansu suka buɗe da "kira ga hukumomin da abin ya shafa", suka rufe da "su yi abin da ya dace", jimloli biyu da rediyo ya koya mana, waɗanda ba su nuna kowa ba, ba su kuma nemi komai ba. Ɗalibi ɗaya ne, wanda ya yi mini tambayar nan ta farko, ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukumarsu, yana neman a sa rakiyar jami'an tsaro a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ranar kasuwa, daga hantsi zuwa la'asar, ya kuma lissafa wuraren da aka fi tare motoci. Na ba shi maki mafi yawa, na ce ya sa hannu mu aika. Sai ya ce, "Malam, a bar ta a wurinka tukuna, mahaifiyata tana can."